Ragon Mai Shagon Magani

Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, a Badarawa, a shekarun nan da aka bar fam da sule aka koma naira.

Ɗan farina likita ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da haƙora suka zube, don a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Unguwa duk Likita suke ce masa, ni kuwa yaron nan. Ubansa direban babbar mota ne, shi ya ɗauko mu daga Katsina zuwa Kaduna, Allah bai nufa ya ga ranar da yaron ya sa farar riga ba.

Ana gab da babbar Sallah, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji sallama. Na leƙa zaure, sai ga mutane riƙe da rago. Rago fa! Fari fat, ƙaho ya naɗe ya sake naɗewa, in ya taka sai gashin wuyansa ya share ƙasa. Suka ce wani Alhaji mai babban shagon magani a Doka ne ya aiko wa Likita, barka da Sallah. Na karɓa da hannu biyu, na sa albarka, na kwance bakin zane na ba su tukwici har da goro. Kafin in ɗaure shi gida ya cika da mata. Maƙwabciyata, wata Basakkwaciya da bakinta ba ya hutawa, ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, wanga ai ba rago ba na, ɗan maraƙi na!"

Da la'asar yaron nan ya dawo a kan babur ɗinsa. Yana ganin ragon ya tsaya cak.

"Inna, wa ya kawo?"

Na faɗa masa.

"Inna, mutumin nan so yake in riƙa tura marasa lafiya shagonsa. Sai an mayar."

"A mayar? Mutum ya miƙo maka hannu ka kaɗe? Na ma ba da tukwici, magana ta ƙare. Gobe da wane ido zan bi ta Doka?"

Ashe magana ba ta ƙare ba. Da ƙafa aka jawo ragon tun daga Doka, duk wanda ya tambaya a ce na Likita ne. Washegari labari ya riga shi isa asibiti, aka kai wa shugaban asibitin labari cewa sabon likita yana ci a hannun masu magani. Shugaban ya ce ya ajiye aiki ya zauna gida, bayan Sallah a san yadda za a yi da shi. Yaron da na yi ƙosai na yi wanki na ga ya kai inda ya kai, ga shi a ɗaki yana kallon rufi, rago kuwa yana ta cin dusarsa.

Duk ran Asabar da ma yakan ce ya tafi ƙungiya. Ni na ɗauka irin majalisar nan ce ta maza, shan shayi da gardama. Sai ranar ya gaya mini ƙungiyar likitoci ce: manya suna koya wa ƙanana abin da ya fito sabo, su ne kuma bakinsu a gaban hukuma, ba sa yarda a hukunta likita ba a saurare shi ba. Ya ce ya kai musu kuka.

Ranar jajibere, ina jiƙa gero, na ji unguwa ta ɗauki ihu. Motoci ne a jere suka shigo lungunmu, lungun da ko amalanke sai ta karkace. Mutane suka fito daga ko'ina, masu awo suka bar awo, wanzami ya bar kan mutum rabi. Likitoci ne! Gabansu wani dattijo Bazazzagi mai furfura, shi ne shugaban ƙungiyar. Bayansa wata mace 'yar kudu da jaka a hannu, aka ce ita ma likita ce. Ban taɓa gani ba, na yi ta kallonta har na manta da shimfiɗa. Na ruga na kwaso tabarmi, na dama fura.

Suka zauna a zaure, aka jawo ragon gabansu kamar shi za a yi wa shari'a. Dattijon ya ce a kira ni. Na tsuguna a bakin ƙofa.

"Inna, wannan ɗanki ne?"

Na sunkuyar da kai. "Ɗan mutanen gidan nan ne dai."

Macen ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe, na fari ne. Ba za ta amsa ba ko za mu kwana."

"To, bar wannan. Wa ya karɓi rago?"

"Ni ce. Ba ya gida. Gobe ma aka kawo zan karɓa, ba a haife ni inda ake mayar da alheri ba."

Zaure ya ɗauki dariya, ban da yaron nan. Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Mu ma ba za mu mayar ba, Inna. Amma abin da aka ba likita a ɓoye ɗaure masa hannu yake yi. Ƙa'idarmu ita ce, duk abin da mai magani ya ba ɗayanmu, a faɗe shi a fili kowa ya ji, a kai wa marasa lafiya."

Ya aika mota ta ɗauko Alhajin. Alhajin ya iso yana share gumi da bakin rawani, ya ga jama'a har kan katanga. Dattijon ya miƙe, ya kama hannunsa, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku taya mu gode wa Alhaji. Ga ragon da ya ba marasa lafiyan da Sallah za ta riska a kwance."

Alhaji ya dubi rago, ya dubi jama'a. "Ai da ma... da ma niyyata ke nan."

Basakkwaciyar nan ta leƙo ta kan katanga. "Allah shi ƙara niyya, Alhaji! Baɗi sa za ka kawo muna!"

Daga nan motocin suka juya sai asibiti, wajen shugaba. Me suka faɗa masa, ban sani ba. Yaron nan ya dawo ya ce an saurare shi, amma ba a ce masa komo ba, ba a ce tafi ba.

Ranar Sallah, bayan an sauko Idi, aka yanka ragon a bayan ɗakin girkin asibiti. Ni na tsaya a kan tukunya, matan lungunmu suka bi ni da ludaya da itace. Muka yi miya, muka soya, ƙamshi ya shiga ɗaki ɗaki. Masu jinya suka yi layi da kwanoni, wani tsoho mai ƙafa a naɗe ya ce a turo shi a keke ya ga mai girkin. Yaron nan yana gefe da rigar Sallah yana miƙa kwano, ba shi da ikon taɓa kowa.

Can sai ga shugaban asibitin tare da dattijon. Shugaban ya karɓi nama ya ci, bai dubi yaron ba. Muna haka aka shigo da gudu da wata yarinya, man suya ya zube mata a hannu, uwarta na kururuwa. Shugaban ya juya ya ce, "Likita, me kake jira? Naka ne."

Yaron nan ya dire kwanon a ƙasa ya ruga, yana naɗe hannun babbar riga, yana kiran a kawo ruwan sanyi. Na bi shi da ido har ya shige, ludayi a hannuna. Sannan na ji mutumin da ke gabana yana cewa, "Baba, kin cika mini har yana zuba."