Hannun da Gwaggo Ta Ɗaure

Shekarun baya can, kafin a ba mu mulkin kai, tun ba a yi ko mafarkin dam ɗin Tiga ba, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kiru da Ɗansoshiya. Ni ce babba a ɗakinmu, ban fi shekara goma ba. Waɗanda aka haifa a bayana ba su rayu ba, sai ƙanena guda ɗaya, shi kuwa ko biyar bai cika ba. Ni na yi goyonsa tun kafin a yaye shi, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba.

Yaron nan magana ɗaya ya riƙe a duniya: "Da kaina." Ka zo ɗaura masa mazagin wando, ya ture hannunka, "Da kaina." Zai sha ruwa, sai ya jawo turmi ya taka, ya zura moɗa cikin randa, rabi a ciki rabi a ƙirji. Ana ɓarar gyaɗa, sai an ware masa tasa 'yar ƙwaryar. Har 'yan unguwa suka bar sunansa na yanka, kowa sai Dakaina. Ni ma da ke fama da shi nakan ji kamar in rufe shi da duka, don aikin da zan gama nan take sai ya ja mu har rana ta take. Amma kullum sai ya iya wani sabon abu da bai iya jiya ba.

Duk wannan da hannun hagu yake yi. Bahago ne. Mahaifiyarmu ta koya masa cin abinci da dama ba tare da ko harara ba: takan matso masa da tuwo ta damansa, ta riƙe hagun tana yi masa wasa da yatsu, har ya saba. Sauran harkokinsa kuwa ta bar shi da hannunsa.

Da ya ga ina zuwa makarantar allo a ƙofar gidan malamin unguwarmu, sai ya kafe sai ya bi ni. Malam ya yi dariya, ya samo masa wani ɗan guntun allo ya rubuta masa babbaƙu. In mun dawo gida sai ya samu tsinke, ya share ƙasa a gindin rumbu, ya riƙa kwaikwayon abin da ke kan allon, harshe a waje. Ba wanda ya sa shi.

A haka gwaggonmu ta same shi. Yayar mahaifinmu ce, mijinta ya rasu a wajen Tudun Wada, ta gama takaba ta dawo gida da zama. Ita ta raini mahaifinmu, don haka ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ta tsaya a kan yaron tana kallo, sannan ta sa ƙafa ta goge rubutun.

"Me nake gani haka? Sunan Allah da hannun tsarki?"

Mahaifiyarmu ta fito daga madafi tana goge hannu. "Ki yi haƙuri, Gwaggo, ai da dama yake cin abinci."

"Ke kika haifa, amma namu ne. Ba za a ce gidan ubana ya fitar da bahago ba."

Washegari ta yagi gefen wani tsohon zanenta, ta naɗe masa hannun hagu, ta ɗaure shi a ƙugunsa ta baya. Tun hantsi har magariba, kullum.

Ku da kuke da yara, ku ɗan kwatanta. Yaron da ke hawa turmi ya koma in ya yi tuntuɓe sai dai ya faɗi da fuska. Moɗa ta gagare shi. Ranar da ya kasa kwance mazagi da hannu ɗaya har fitsari ya kufce masa a gaban yara, gwaggo cewa ta yi, "Kun gani ko? Dama sakarai ne." Kafin a kai ga girbin dawa, bakinsa ya fara sarƙewa. Zai kira ni sai ka ji "Ya-ya-yaya," yana runtse ido. "Da kaina" ta ɓace daga gidanmu. Sai ya zo ya tsaya a gabana, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi mi-mini." Wallahi duk lokacin da ya faɗi haka ji nake kamar an watsa mini barkono a ƙirji.

In an aike mu kai fura gona, da mun sha kwanar kukar bayan gari nake kwance shi, ya yi ta jifan tsuntsaye da hagunsa, in mun kusa gida in mayar da ɗaurin. Ni a dole mai wayo. Ashe ƙullina daban, na gwaggo daban, ba a daɗe ba kuwa ta gane. Aka hana ni fita da shi.

Sai na kai ƙara wurin malam. Na durƙusa, ina hawaye ina majina, na zayyane masa komai. Bayan la'asar ya sa takalmi ya zo zauren gidanmu, ni kuma na laɓe a bayan zana.

Ya ce wa mahaifinmu, "Ci da sha da miƙa wa mutum abu, wannan da dama ne, kuma yaron ya iya. Sauran kuwa, hannu biyu Allah ya ba shi, duka nasa ne. Ku kwance shi. Tun da aka ɗaure hannun nan karatunsa ya tsaya."

Mahaifinmu ya ce, "To, Allah ya gafarta malam, za a duba."

Za a duba. Mutum da ɗansa na cikinsa, wai za a duba. Gwaggo kuwa tana tsakar gida, duk ta ji, kuma abin da ya ƙona ta shi ne an kai maganarta waje.

Da safe ta kira yaron da murya mai laushi, ta kwance masa tsumman da kanta. Ni da mahaifiyata muka dubi juna, muka ce to, maganar malam ta shiga. Ta dama kunun tsamiya, yana tururi, ta zuba a ƙwarya ta ajiye a gabansa. Sannan ta ɗauko ludayi ta ajiye shi ta hagunsa. Na ga wurin da ta ajiye shi, ban gane ba sai daga baya.

Yaro ya ji hannunsa a sake. Ɗaukar ludayin kawai zai yi ya mayar dama, yadda ya saba. Yatsunsa na taɓa shi, ta cafke wuyan hannun ta tsoma cikin kunun, ta danne.

"Gobe ma ka ƙara."

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ban san lokacin da na yi ƙwallo da ƙwaryar ba. Ni da nake kamar sillen kara, na tsaya a gabanta, na dube ta ido cikin ido na ce, "Allah ya isa."

A wancan zamani yarinya ta faɗa wa gwaggonta haka, ai ta taɓo babba. Mahaifinmu ya shigo, bai tambayi abin da ya samu hannun ɗansa ba, tsumagiya ya karyo. Yana zuba mini yana cewa, "Janye. Ki ce kin janye." Na ciji leɓe na ƙi. Ya yi har ya gaji ya yar da ita. Mahaifiyarmu tana gefe tana shafa wa yaron man kaɗanya, hawaye na ɗiga a kan hannun, ba ta da bakin magana a gidan.

Hannu ya warke, ya bar farin tabo a tsakanin yatsu. Ba a sake ɗaure shi ba, don babu buƙata. Shi da kansa yake ɓoye shi a bayansa. I'ina kuwa ta zauna daram. In ya zo biya karatu yara su yi ta dariya, har ya ajiye allon bai yi nisa ba. Ya girma, ya yi noma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, mutum mai shiru-shiru, komai zai yi sai ya jira wani ya fara. Mutane suna cewa sanyin hali ne da shi. Su ba su san Dakaina ba. Gwaggo ta yi tsawon rai, kuma har ta koma ga Allah tana nuna shi tana cewa, "Ni na gyara shi."

Shi ya sa in na ga ƙaramin yaro yana kokawa da takalminsa yana cewa a bar shi, uwar kuma ta daka masa tsawa ta fizge don tana sauri, sai in ji raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kai. Jikokina suna cewa na cika sa baki a abin da ba ruwana. Eh, na cika. Na ga yadda ake kashe wannan maganar a bakin yaro, kuma na san ba ta cika dawowa ba.

Shekarun nan da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ɓarin dama. Na je Kiru duba shi, na tarar 'yarsa tana ba shi kunu a baki. Ta ce mini, "Gwaggo, likita ya ce ya riƙa amfani da hagun, malamai ma sun ce lalura ce, babu laifi. Ya ƙi. Ko ɗaga shi ba ya yi."

Na ce ta ba mu wuri. Na ajiye kwanon a gabansa, na ajiye ludayin ta hagunsa. Ya dubi ludayin. Sannan dattijon nan, da farin gemunsa da jikokinsa, ya waiga ya dubi ƙofa.

Na ce, "Babu kowa, Dakaina. Ni ce. Ta daɗe da mutuwa."

Ya daɗe yana kallona. Can hannun ya fito daga bayansa a hankali, da tabonsa. Ya ɗebo kunun, rabi ya zube a ƙirjin rigarsa. Na miƙa hannu zan tallafa masa, sai ya kauce.

"D-da kaina, Yaya."

Na bar shi. Kafin ya kai rabin kwanon, ya riƙe ludayin kamar jiya ya ajiye shi. Ina kallo ina tunanin abin da hannun nan zai yi a duk shekarun da ya kwashe a ɓoye.

Ana yawan ce mini gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, in yafe mata. Ina yi mata addu'a tare da sauran mamatanmu, ba na tsallake ta. Amma maganar da na faɗa a tsakar gidan nan, ban janye ba.