Ranar da Ogan Ya Daina Jira Na

Tun ina goyon 'yata ta fari har na aurar da ita, ni ke ɗaga waƙa a majami'armu ta Wudil. Ba a zaɓe ni ba, ba a naɗa ni ba. Murya ce ta ba ni wurin. Ban yi boko ba, in ka miƙo mini littafin waƙoƙi ban san samansa da ƙasansa ba, amma duk waƙar da ke cikinsa tana kaina, har da waɗanda babu a ciki, waɗanda na taho da su daga ƙauyenmu na wajen Indabo na juya su suka zama na yabon Yesu.

Mu ba mu da yawa a garin. Majami'ar ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, can bayan gari ta hanyar kogi. Maƙwabtanmu Musulmi ne, 'yan'uwana na ciki ɗaya ma haka, kuma in ana biki a unguwa ni ake aiko wa in zo in yi guɗa. Mai suyar kifi ta bakin gada takan tare ni ranar Litinin ta ce, "Jiya na ji ki har nan, sai da kifi ya ƙone mini. Ki biya ni." In ce mata, "Ki toshe kunnenki mana."

Mai kaɗa mana ogan maigidana ne. Tela ne, shagonsa na kusa da kasuwa. Ogan ɗin tsoho ne mai feda, wata baturiya ce ta bar mana shi da za ta koma ƙasarsu. Da yake ƙafafunsa sun saba da keken ɗinki, shi kaɗai ke iya taka fedar nan har a tashi sujada iska ba ta yanke ba. Babu wanda ya koya masa. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa.

Ga yadda muke yi. Ni zan fara. In ja waƙa, shi kuma ya bi haƙoran ogan yana lalube har ya samo inda nake, sai ya zauna a nan. Mata su amsa, mai kaɗa tulu ta shigo, masu caki su biyo. To in na duba cikin jama'a na ga idon wata ya kumbura, ko na san ɗan wani yana kwance, sai in ja baitin ya yi tsawo, in sa maganarsu a ciki, in roƙa musu Allah a cikin waƙar. Shi kuwa yana danne da haƙori ɗaya, ƙafa na tafiya, yana jira na har in sauko. Ko na daɗe, yana nan. Wannan jiran shi ne abin da zan ba da labarinsa.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Gari ya cika da babura da rediyo da buhunan siminti. Wanda jiya yake zuwa sujada a ƙafa, yau ga shi da mota. Wani ɗan ikkilisiyarmu ya samu kwangilar kwalbatoci, sai ya rushe ɗakin ƙasar nan ya gina na bulo. Bai tsaya nan ba, ya je Kano ya ɗauko ogan na lantarki da lasifika biyu, kowace ta kai akurkin kaji, da janareto. Tsohon ogan aka tura shi lungu aka ɗora masa tabarmi.

A shekarar kuma aka turo wani malamin makaranta, mutumin Filato, wanda ya karanta kiɗa a takarda. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Lahadin farko ya zauna ya saurara, da aka tashi ya zo ya rusuna ya gaishe mu, ya ce wa maigidana, "Baba, kunnenka yana da kyau ƙwarai. Amma yatsu tara suna zaune suna cin abinci ba sa aiki."

Maigidana ya yi dariya. Ni da na san shi na ga maganar ta shige shi.

Kafin sati ya zagayo, ga kwali a gefen keken ɗinki, an zana haƙoran ogan a kai, farare da baƙaƙe. Kullum bayan la'asar malamin nan yana shago. Do, re, mi, fa. Yatsu uku a danna tare. Hannun hagu ya yi nasa, na dama ya yi nasa. Maigidana ya dawo gida yana ba ni karatu ina tuƙa tuwo.

"Uwargida, ashe kowace waƙa tana da gida. Daga gida sai a tafi na huɗu, a leƙa na biyar, a komo gida. Shi ke nan, duk waƙoƙin littafin nan haka suke."

Na ce, "To madalla. Ni waƙata ai ba ta taɓa ɓata ba balle a nuna mata hanyar gida."

"Akwai kuma ƙidaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Ƙidayar nan ta zama masa ciwo. Yana cin tuwo yana ƙirgawa, yana taka keke yana ƙirgawa. Har sai da ya ɗinka wa wani mahauci aljihu a bayan riga, mutumin ya zo yana tambaya ko da ƙeya ake so ya riƙa ajiye goro.

Abin da ya fi ci mini rai in faɗa, amma gaskiya ce: kiɗansa ya gyaru. Ya gyaru sosai. Hannun hagu ya riƙa gurnani a ƙasa, na dama yana yawo a sama, in ya danna yatsun nan uku sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Ma'aikatan da a da suke hawa mota su tafi Kano sujada suka daina tafiya. Malamin ya tara matasa ya raba musu murya kashi huɗu, maigidana ya ɗinka musu riguna iri ɗaya. Ni ma na yi alfahari da shi, don me zan ɓoye.

Ran nan da safe muna shirin fita ya ce, "Uwargida, daga yau ni zan fara ba ki murya, ke kuma ki ɗauka."

"Ka ba ni murya? Wadda Allah ya ba ni fa, in kai ta ina?"

"Ba haka nake nufi ba. Yau ki fara sama, gobe ki fara ƙasa. Da yatsa ɗaya ina iya bin ki, amma da goma ba zai yiwu ba, yara ma ruɗewa suke. Sannan in kin ja baiti kina wuce ƙidaya."

"Wa ya aike ka ka ƙirga ni?"

Na ɗauki mayafina. Duk da haka na gwada, Allah ya sani na gwada. Lahadi da yawa ya ba ni murya na ɗauka, na tsaya inda ya tsaya. Ji nake kamar na ɗaura zanen da bai kai ba, ina waƙa ina riƙe da baki kar ya kwance.

Sai ranar godiyar kaka ta zo. An tara dammunan dawa da gero a gaba, ga kaji a ɗaure, ga kabewa, ga buhun shinkafa na ɗan kwangila. Majami'a ta cika har waje. A satin ne mai tulunmu ta binne mijinta. Ƙawata ce, tare muka tsufa a kan benci ɗaya. Babbar mota ce ta kaɗe shi a sabuwar kwalta ranar kasuwa yana dawowa da akuya. Ban zaci za ta fito ba. Sai ga ta da 'yar ƙwarya ta wake, ta ajiye a gefen buhun shinkafa, ta koma ta rungumi tulunta.

Aka ba ni murya na ɗauka. Muna tsakiyar waƙa idona ya faɗa kanta. Hannu yana dukan tulu, hawaye yana bin haɓa. Ban yi shawara da kowa ba, abin da na saba yi na yi. Na ja baitin, na ɗaga shi sama, na ce Ubangiji ga wadda ta zo maka da wake, bara su biyu suka zo, bana…

Ogan ya kai ƙidaya ta huɗu ya juya.

Matasan nan suka faɗo da amshi gaba ɗaya, kamar yadda aka koya musu. Na ƙara murya. Ina! Wace mace ce za ta fi lasifika biyu? Tsofaffin mata suka ɗan tsaya, suna duba na suna duba ogan, sannan su ma suka bi mai ƙarfi. Maganata ta tsaya a nan, a kan "bana". Na buɗe ciwon baiwar Allah a gaban jama'a, ban samu na rufe shi da roƙo ba. Na ji tulu ya yi shiru. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na juya na dubi maigidana. Kansa na ƙasa, leɓɓansa na motsi. Ƙirgawa yake.

Na rufe bakina na zauna. Aka ƙarasa waƙar ba ni, kuma aka ƙare ta tare, cak, kamar an yanka da almakashi. Har da tafi.

A hanyar gida yana tura keke yana murmushi. Ya ce, "Kin ji yadda aka sauka tare kuwa? Malam ya ce bai taɓa jin mun yi kamar yau ba."

Na ce, "Ba ka ji na ja ba?"

"Na ji. Na ɗauka kin manta ne, na ce bari in rufa miki asiri."

"Ka rufa mini asiri. Ni? A waƙar da na goya ka a kanta tun kana lalube da yatsa ɗaya?"

"Haba uwargida. Ai daidai na ƙirga."

"Daidai ka ƙirga, malam. Sannu da ƙoƙari."

Daga ranar ban ƙara ɗaga waƙa ba. Fasto ya zo da dattawa biyu, aka shimfiɗa musu tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo. Fasto ya ce, "Mama, a yi haƙuri, zamani ne ya zo da haka." Suka ce an ware mini wuri a cikin matasa, layi na biyu, har za a ɗinka mini rigar. Na ce musu na gode, rigunana sun ishe ni. Malamin ma ya zo shi kaɗai, ya ce in yarda in rera masa waƙoƙina ya rubuta su a takarda don kada su ɓace. Na ce, "Ɗana, wadda ka rubuta ai za ta zama mai ƙidaya. Bar su inda suke."

Na je gidan ƙawata sau biyu. Muka zauna, muka yi maganar tsadar manja da ciwon gwiwa. Ba ta ta da zancen ba, ni ma na kasa. Kafin damina 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Lajawa. Tulun ta bar shi a majami'a, babu wadda ta ƙara taɓa shi, don ogan ɗin yana da wani maɓalli da ke fitar da ganga da kansa.

Shekaru suka wuce. Ina zuwa sujada, ina zama a baya, ina motsa baki. Kuɗin mai suka ja baya, janareto ya mutu, aka mayar da malamin garinsu. Ya bar wa maigidana littafinsa na koyon kiɗa, shi kuma bai daina bi ba, shafi bayan shafi, da tabarau a kan hanci. Ogan ya koma aiki da batirin mota. Wata damina rufin majami'a ya fara yoyo, sai aka kawo ogan ɗin gidanmu ajiya.

Ina zaune a tsakar gida da rana ina tsince wake, ashe ina ɗan gunguni da hanci ban sani ba. Sai na ji waƙar tana fitowa daga ɗaki. Tawa, ta wajen Indabo, yadda take, ba a daddatsa ta ba.

"Uwargida, zo ki gani."

Na je bakin ƙofa na tsaya da faifai a hannu.

"Dubi yatsuna. Baƙaƙen kawai nake taɓawa. Ashe duk waƙoƙinki a kan murya biyar suke tafiya, mu kuma muna ta cusa musu bakwai. Yanzu ko ina kika fara zan iya ɗauko gidan in kawo shi wurin." Ya jawo littafin ya buɗe can wajen ƙarshe. "Ga kuma wannan. Kin ga alamar nan, kamar ido da gira? In an sa ta, mai kiɗa ya daina ƙidaya ke nan. Ya riƙe, ya jira mai waƙa har ta gama. Tana cikin karatun tun farko. Lokacin ba mu kai nan ba ne."

Na dubi idon nan da girarsa. Ɗan ƙaramin abu, bai kai ƙwayar wake ba.

Na ce, "Wato sai da aka zana maka a takarda sannan ka san ana jira na."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya ɗora yatsu uku ya danna, ya ce, "Fara. Zan bi ki."

"Wake nake tsincewa."

Na juya na fita. Amma ban koma tabarma ba, na zaga bayan ɗaki wajen turken awaki, inda ba zai gan ni ba. Na ajiye faifai. Na gyara tsayuwa kamar da, na buɗe baki a hankali, na nemi baitin nan daga inda aka yanke shi. Muryar ta hau rabi ta karye. Na yi gyaran murya na sake. Iska ce kawai ta fito, da wani ƙara kamar na tsohuwar ƙofa. Shekarun da na yi ina motsa baki a bencin baya sun cinye ta, ban sani ba.

Ban faɗa masa ba, ranar ko bayanta. Har Allah ya ɗauke shi yana zaton fushi ne ya hana ni, na kuwa bar shi a haka, don gara ya ce na ƙi da ya ce na kasa.

Ina tsaye a wurin awaki ina jin sa ta bango. Bai ɗaga yatsunsa ba. Yana riƙe da muryar nan guda, yana jira, har batirin ya fara rauni, sautin ya riƙa siririncewa. Na ɗauki faifaina na koma kan wake.