Ɗorawar Inna

Darasin da na fi iya koyarwa shi ne yake ci mini rai yanzu. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa. Nakan jera watannin shekara a allo, kowane wata da sandarsa mai nuna yawan ruwan da yake samu, in ja layin zafi a sama. Sai in ce su duba: damina ɗaya ce, Agusta ya fi kowa tsawo, rani kuwa ko ɗigo babu. Wane irin yanayi ke nan, kuma me ke tsirowa da kansa a irin wannan ƙasa? Su amsa baki ɗaya: doguwar ciyawa, ɗorawa, kaɗanya, kuka. In ce madalla, ƙasarmu ke nan.

Inna, mahaifiyata, ba ta san allo ba, amma ta san ɗorawa. Tana da guda ɗaya a gonarmu ta ƙauye, kusa da Ƙarfi, wadda surukarta ta bar mata. Da kalwarta take daddawa, da garinta muke kunu, kuma duk gidan da aka yi miya mai daɗi a unguwarmu, da hannun Inna a ciki.

Da Baba ya rasu, yayyena suka sayar da gonar ga wani Alhaji daga Malumfashi mai noman masara da tarakta. A wurinmu ana sayar da gona, amma ɗorawar da ke cikinta tana nan ta mai ita, sai in ta yarda. Inna ta ƙi. Alhaji bai sa mata gatari ba, ya san bakin mutane. Sai dai inuwarta tana danne masa masara, don haka duk bayan girbi ma'aikatansa sukan tara kara a gindinta su cinna wuta.

Na same shi raina a ɓace, kuma ni ba ni da riƙon baki.

"Alhaji, wannan ai kisa ne a hankali."

"Malama, kara na ce a ƙona," in ji shi. "A gonata yake ko ba a gonata ba?"

Na kai kuka wurin yayyena, suka ce in bar tada zaune tsaye.

A lokacin idon Inna ya fara mutuwa, ba ta zuwa gona. Kalwar da ake kawo mata tana raguwa shekara bayan shekara, har ta kai babu. Yayyena suka ce mata ƙarancin ruwa ne. Da na je hutu sai ta kama hannuna.

"Ke da kike karanta ruwa a takarda, gaya mini tsakani da Allah. Ruwan ne ya gaza?"

Na so in ce eh, wallahi na so. Amma na san sandunan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa bai gaza ba, Inna. Ya ishe ta."

Ta ce in kai ta. Muka tafi tana dafa kafaɗata har gindin itacen. Ta shafa, ta sake shafawa, ta kai tafinta hanci ta shinshina. Gawayi ne ya baƙanta mata hannu.

"Ashe da ranta aka gasa ta," ta ce.

Ba ta zagi kowa ba. Da muka koma gida ta kira maƙwabciyarmu ta ba ta tukunyar dafa kalwa. Ba ta kai daminar da ta biyo baya da rai ba.

Har yau darasin yana nan a manhaja. Ina zana sandunan, ruwan bai canza wani abin a zo a gani ba, yara suna amsawa da ƙarfi: ɗorawa, kaɗanya. Ta tagar ajin babu abin da ake hangowa sai masara har iyakar gani. Amsarsu daidai ce, dole in ce madalla, sai dai yanzu nakan juya musu baya in fuskanci allo kafin in faɗa.