Masu Walda Biyu a Gindin Jirgi Ɗaya

A shekarun nan gaɓar Keraniganj, a tsallaken kogi daga birnin Dhaka, ba ta da masakar tsinke. Jirage ne jere a kan laka, ƙarar guduma ba ta yankewa, hayaƙin walda kuma yana kwance a kan kogin Buriganga. A nan Tofazzal Mridha ya yi ƙuruciyarsa har ya fara furfura.

Aikinsa shi ne haɗa ƙarfen gindin jirgi, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Ƙarfe idan yana hucewa yakan ja zuwa ɓangaren da ya sha wuta, saboda haka masu walda biyu ke tafiya daidai da juna, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Abokin aikinsa ƙanensa ne, Jainal.

A shekarar da suka saɓa kan tafkin kifin mahaifinsu, aka ba su wani jirgin fasinja. Jainal ya riƙa zura wuta, ya bar wansa a baya.

"Kai Jainal, sassauta! Mutane za a ɗauka, ba tukunyar matarka kake liƙewa ba."

"Yaya, in tsufa ne, je ka sha shayi. Ni na gama nawa."

A ido haɗin ya fito sumul. Amma Tofazzal ya san jan yana nan daskare cikin ƙarfen, yana iya yin shiru damina guda, sannan ya tsage a tsakiyar kogin Meghna da mutane a ciki. Ya kuma san in ya faɗi sunan mai laifi, babu wanda zai sake ɗaukar Jainal a gaɓar.

Ranar tura jirgi, ruwan kogi ya kawo har gaɓa, liman ya shafa addu'a, mai jirgin, Haladar, yana raba alewa. Tofazzal ya je ya tsaya a gaban jirgin.

"Maigida, a dakata. Sai an yanke haɗin nan an sake."

"Yau kake faɗa mini? Wa ya ɓata shi?"

"Mu biyu muka yi shi."

"To ku biyu za ku gyara."

Jainal ya ajiye gilashin waldarsa a ƙasa, ya shiga kwalekwale ya haye Dhaka.

An yanke haɗin, ruwan shekarar ya janye. Tofazzal ya gwada masu walda da dama, hannun kowa bai zo daidai da nasa ba. Har yau jirgin yana kan laka da gindi a buɗe, kuma Jainal bai dawo ba.