Inna Sahura da Gyaran da Aka Yi Ana Kallon Bango

Da an idar da sallar asuba a unguwarsu da ke Gummi, Inna Sahura kan share ɗakin aikinta kafin ta share na kwananta. Sai ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta goge gilashin idonta da bakin mayafi, ta duba ko batirin sola ya kwana da wuta. Kafin kunu ya huce an fara sallama a tsakar gida, kuma mata ne zalla. Wata tun daga Adabka babur ya girgizo ta, memorin wayarta ƙulle a bakin gyale kamar ɓarin goro. Hotunan cikin gida suke kawowa, na ranar lalle da na ranar suna, kai ba ɗankwali, kitso a waje, ana dariya baki har kunne. Irin hotunan da ba a yarda idon namiji ya sauka a kansu ba ke nan. Ita za ta gyara, ta wanke, ta miƙa a ambulan, sannan ta goge na kwamfuta a gaban mai shi.

Duk Gummi ba wanda ya san wannan aiki nata kamar Makau mai shagon hoto a bakin kasuwa, kuma ba wanda abin ke ci wa rai kamarsa. A hannun mijinta, marigayi Malam Bature, ya koyi sana'a. Shi ya yi ɗaukar jakar kyamara, shi ya sha rana a wuraren biki. Amma da Malam ya ga kwanansa ya matso, sai ya zaunar da matarsa ya koya mata gyaran hoto, ya bar mata kwamfutarsa da tsohuwar manhajar da ke ciki. Makau ya samu kyamara da addu'a. Ya karɓa ya yi godiya, amma abin bai taɓa sauka daga maƙogwaronsa ba.

Ba wai yana rasa ciniki ba ne. Masu haƙar zinariya na cika masa shago, kowa na son a tsayar da shi jikin motar da bai taɓa hawa ba. Kayan aikinsa sababbi ne fil. Abin da ke ƙona shi shi ne yadda mata ke wuce ƙofarsa su gaishe shi da fara'a, su miƙe gidan Inna. Har matarsa Zulai, ranar da aka yi sunan 'yarsu, ta ƙulle memori ta bi layi.

"Ni da nike da shago guda?" in ji shi.

"Akwai matan mutane ciki," ta ce, ta ja mayafinta ta fita.

Ya so ƙwarai a ce akwai abin kushewa. Ya kasa kunne shekara da shekaru ko zai ji an ce hoton wance ya fita daga gidan nan, bai ji ba. Abin da ya ji shi ne labarin wani mai neman aure da ya je da kwalliyarsa yana roƙon a nuna masa hoton yarinyar, Inna ta ba shi ruwa ya sha, ta nuna masa hanyar gidan iyayenta. Ya kuma ji ba ta yarda ta goge wa mace zanen fuskarta ko ta mayar da baƙa fara, ko da an roƙe ta. Makau ya ce wannan ai rashin iya aiki ne. Shi kansa bai yarda da maganarsa ba.

Sai ga damina ta bana. Tsohuwar kwamfutar ta yi tari ta mutu, ɗanta Umar Faruk ya aiko mata da sabuwa daga Sakkwato, siririya mai sheƙi. Manhajar Malam kuwa ta ƙi zama a cikinta. Da labari ya iso kasuwa, ranar Makau ya ci tuwo da yawa.

Washegari aka aiko Inna na kiransa. Ya tarar da wata mata zaune a bakin ƙofar ɗakin aiki, ta haɗa kai da gwiwa. Atine ce, mutuniyar Zugu. Lokacin da suka gudo daga harin 'yan bindiga, hoto ɗaya ta tsira da shi, na mahaifiyarta tana zaune ana yi mata kitso, kuma mahaifiyar ba ta fito ba. Ruwan sama ya jiƙa hoton a hanya, fuskar ta soma ɓarewa. Inna ta ɗauke shi cikin manhajar, ta yi makonni tana mayar da fuskar ɗigo-ɗigo, Atine na gefenta tana cewa nan haka yake, nan ba haka ba. Takardar hoton ta riga ta ƙarasa marmashewa. Abin da ya rage yana cikin rumbun tsohuwar kwamfuta, a irin ajiyar da manhajar nan kaɗai ke iya buɗewa.

"Makau," in ji Inna, "kai ka san kan abin ga. In ba ta buɗe ba, yarinyar ga ta rasa uwa sau biyu."

Zuciyarsa ta raya masa ya ce ba ta gyaruwa, ya koma shagonsa. Ya dubi Atine, ya kasa. Ya zauna.

Sabuwar kwamfutar ko wurin sa faifai ba ta da shi, ga manhajar Malam a faifai take, sai da ya koma shago ya ɗauko na'urar karanta faifai. Ya sa, ta karɓa, ta kai rabi ta tofar. Ya sake, ta sake. Ya ciro rumbun tsohuwar, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe da duk abin da aka ajiye, ya nemo wayar da zai haɗa shi da sabuwar. Yana shirin sokawa Inna ta dafe wayar.

"Tsaya. In ka haɗa, mi za ya hito?"

"Duk abin da ke ciki, Inna. Ƙanana-ƙanana, jere."

"To juya ka dubi bango. Akwai aikin mutane da ban gama ba."

Makau ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Haba Inna! Ni fa ɗanki na. Cikin gidan ga ni girma."

"Ɗana kake," ta ce, "amma ba ɗansu ba."

Haka babban mai hoton bakin kasuwa ya juya kujera ya fuskanci bango, ransa a dagule. Shi ke faɗi, ita ke dannawa. Turancin da ya fito ba ta iya karanta shi a haɗe, sai ta riƙa kiran baƙaƙen ɗaya-ɗaya, shi yana haɗawa a kansa. Ya sa ta shiga inda ake ce wa sabuwar kwamfuta ta ɗauki kanta tsohuwa, ta yi mu'amala da manhajar kamar zamanin da. Manhajar ta zauna, amma da aka buɗe ta ce ba wuri, alhali wuri ne ya yi mata yawa har ta ruɗe. Ya sa aka rage mata abin da take gani. Ta buɗe, rubutunta ya fito ƙanana kamar tururuwa, Inna ta ce ko da gilashi ba ta gani. Suka sake komawa. Aka kira azahar, ya fita ya yi sallah, ya dawo ya shigo da baya, har Atine ta yi murmushin farko.

Da ya sake zama ne ya lura da abin da bai lura da shi ba. Hoton Malam Bature na rataye a bangon da yake kallo, kuma gilashinsa na ɗauko hasken kwamfutar. In ya ɗan ɗaga ido, zai ga duk abin da aka hana shi gani shekarun nan. Ba wanda zai sani. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya cire hularsa, ya miƙa hannu ido a rufe, ya rataye ta a kan hoton maigidansa.

"Danna na ƙarshen, Inna."

Sai ya ji Atine ta ja numfashi ta ce, "Uwata ta! Wallahi ita ta!" Kuka ya ƙwace mata.

"Ya yi kyau?" in ji Makau, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya yi," Inna ta ce. "Allah shi yi ma albarka. Ɗauki hularka in na kashe."

Ashe ta gani.

Inna Sahura, ke ce rufin asirin matan Gummi da ƙauyukanta. Ke ce kika tsaya a kan amanar mutanen da ba sa nan, a ranar da kike buƙatar taimako, a gaban wanda kika raina da hannunki. Idonki ya fara gajiya, kin ce bayan sallah za ki rage aiki ki zaunar da 'yan mata biyu ki koya musu. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara wa idon nan haske. Masu riƙe da wayoyin mutane da hotunansu, masu gyara da masu turawa, ga wadda za ku duba.

Makau kuwa har gobe kishin na nan, bai ɓoye ba. Mata na wuce shagonsa, yana amsa gaisuwa yana cizon leɓe. Amma in aka tambaye shi aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa, ba ya nuna ko ɗaya daga hotunan da ke manne a bangonsa. Yakan ce hoton yana gidan wata mata 'yar Zugu, kuma shi bai taɓa ganinsa ba.