Eriyar da Kawu Ya Zana

Kawu, ƙanin mahaifiyata, ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin fasaha. Aikinsa jera wa ɗalibai kayan awo, amma zuciyarsa na kan wata eriya da ya daɗe yana zanawa a kwamfutar ofis. Ba kwano ba ne irin na saman rufi. Allo ne shimfiɗaɗɗe, an jera ƙananan murabba'ai na tagulla a kai, kowanne da girmansa. Ya taɓa yi mini bayani: in sigina ta faɗo, kowane murabba'i zai mayar da ita da ɗan jinkirinsa, sai duk su haɗu wuri guda. In girman ya kauce, shi ke nan.

"Kai da tabarmar aljanun nan taka," in ji Umma. "Yaushe za ta kamo mana ko labaran rana?"

"Yaya, bari dai in samu allo."

Allon ba irin na masu gyaran rediyo ba ne, ba a ma sayar da shi a garinmu. Guda ɗaya tak ya samu, wani malami da zai bar aiki ya ba shi. A tawul ya naɗe shi.

Da ya gama zanen, ya kai shagon buga takardu aka fitar masa a farar leda. Ya ɗora a allon, ya tsoma a bahon ruwan da ke cinye tagullar da zanen bai rufe ba. Ni na riƙe masa bahon. Eriyar ta fito gwanin sha'awa.

Da aka ɗora ta a na'urar awo, siginar ta watse. Ya ɗauko ma'auni, ya tarar kowane murabba'i ya ragu kaɗan. Ya koma shagon.

"Yallaɓai, ai zanen ya fi ledar faɗi," in ji mai shagon. "Na ga gefen zai yanke, shi ne na ɗan matse maka shi. Gyara na yi!"

Kawu bai yi faɗa ba. Tagullar da ruwa ya cinye ba ta dawowa.

Ya nemi wani allon har lokacin ritaya ya cim masa, aka karɓe kwamfutar da zanen a cikinta. Bara hannunsa ya fara rawa. Na roƙe shi ya faɗa mini awon murabba'an in rubuta mu ajiye. Ya fara da na tsakiya, ya faɗi na kusa da shi.

"Bar shi, 'yata," ya ce. "Sauran sun ɓace mini."