Akaifar da Ummaru ya kai asibiti

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ummaru, mai awon gero a Kasuwar Daji, Allah ya jiƙansa. Na yafe masa komai, amma maganar akaifa har yau ina nazari.

Ummaru bai taɓa yanke akaifa ya yar ba. Rami yake tonawa gindin katanga ya binne, don kada wani ya tsinta ya yi masa sammu. To, sai akaifar babban yatsan ƙafarsa ta yi kauri, ta koma rawaya, tana marmashewa. Likita a Ƙaura ya ce sai an kankari kaɗan an duba a madubin gwaji, a kuma shuka sauran a ga ko fumfuna za ta tsiro.

"Shuka?" in ji Ummaru. "Wa zai girbe ni?"

Ya ce zai kawo daga gida. A makon nan, mutumin da ko goro bai taɓa ɓara mini ba ya zo da reza zai yanke mini akaifa, wai ƙafata ta ba shi tausayi. Na yi zargi, amma na miƙa, ya yanke ya ƙunshe a takarda. Aji huɗu na yi a firamare, ba su kai ni ga gane irin wannan ba.

Sakamako ya fito, aka ce akwai cuta. Ya sha magani wata da watanni, yana yabon likita. Sai a ciwon ajalinsa ya jawo hannuna ya ce, "Haruna, waccan takarda, taka ce na kai." Ya yi dariya har da tari. Ashe ni aka gwada, shi ya shanye maganina.

Yau yatsana ya zama kamar ƙahon rago. Takalmi ba ya shiga, zaman tahiya sai da dabara. Ɗiyata Hassi ta matsa mini in je gwaji. Na ɗauki reza na nufi maƙwabcina, ya naɗe ƙafarsa cikin riga. Labari ya riga ni.

A ɗakin gwajin na tarar da wata mata da safar hannu. Na ce zan kawo daga gida.

"Baba, mun daina karɓar na takarda. Miƙo ƙafa."

Ta goge yatsan da sifirit, ta kankaro daga ƙarƙashi, inda ta ce cutar take ɓuya. Da Ummaru na nan, da ya ce sun haɗa baki da masu sammu. Ni ma ban ce ba su haɗa ba. Ina akaifata da Ummaru ya kai musu take, shekara nawa yanzu?

Gero ya ƙare, mudun Ummaru ya tsage, amma zarginsa yana nan da rai a jikina. Na roƙi matar ragowar abin da ta kankaro, ta ƙunshe mini tana dariya. Na binne gindin katangarsa. Ummaru, ajiye mini. Kai ka saba riƙe kayana.